Ƙasa Uku a Fili Ɗaya: Kundin Aikin Lambu

13 ga Janairu

Filin da zan mayar lambu bai cika rabin eka ba. Yana gangarowa a hankali daga gabas zuwa yamma, ya ƙare a wani ɗan kwari inda ruwa ke kwanciya da damina. Duk wanda ya ji zancen, shawararsa ɗaya ce: a zuba taki. Ni kuwa na ƙudurta ba zan zuba komai ba sai na ga abin da ke ƙarƙashi da idona. Don haka aikin yau haƙa ne zalla: rami ɗaya a tudu, ɗaya a tsakiya, ɗaya a kwari, kowanne zurfin mita guda, an daidaita bangon da ke fuskantar rana don launin ƙasar ya fito sosai.

Ramin tudu bai ba da wahala ba. Jigawa ce ja-ja, shebur na shiga ba gardama. Saman da ya ɗan yi duhu bai wuce faɗin yatsa huɗu ba, daga nan har gindin rami launi ɗaya ne. Jan nan tsatsar ƙarfe ce, kuma ƙarfen da ke cikin ƙasa ba ya yin ja sai inda iska ke ratsawa. Ke nan ruwa ba ya kwana a tudu.

Na tsakiya ya fi ɗaukar hankali. Samansa, kusan santimita 18, ƙasa ce mai duhu da ke marmashewa a hannu, ga ramukan tana da na gara ko'ina. Sai kwatsam diga ta fara ƙara. Ashe akwai wata shimfiɗa mai tauri, faɗin tafin hannu, kuma saiwoyin ciyawar da suka iso kanta duk sun karkata sun bi gefe, babu wadda ta huda. Da aka fasa ta, ƙasar da ke ƙarƙashi ta sake yin laushi.

A kwari baƙar laka ce, ta dare har hannu na shiga tsagar. Ba ta haƙuwa, sai dai a ɓamɓaro ta gunduwa-gunduwa, wasu fuskarsu na sheƙi saboda gogayya da juna idan laka ta kumbura ta kuma motse. Daga zurfin santimita 60 launin ya koma toka-toka da ɗigo-ɗigon tsatsa, ga wasu fararen tsakuwoyi ƙanana a warwatse. Launin toka shaida ce cewa ruwa na daɗewa a nan har iska ta ƙare, ƙarfe ya narke ya bi ruwa. Ɗigon tsatsar kuma wuraren da iska ke ɗan samun shiga ne idan ruwan ya janye.

Tsakanin ramin farko da na ƙarshe taku kaɗan ne, amma ƙasa uku ce daban-daban. Masanin ƙasa Hans Jenny, a 1941, ya jera abubuwa biyar da ke haifar da ƙasa: yanayi, halittu, shimfiɗar wuri, dutsen asali da tsawon lokaci. A nan rana ɗaya ke dukan filin, ruwa ɗaya ke sauka a kansa, gangaren ne ya raba su. Shekara da shekaru ruwa na kwashe mai laushi daga sama yana jibgewa a ƙasa. Geoffrey Milne ya bayyana irin wannan jeri daga tudu zuwa kwari tun a 1935, lokacin da yake nazarin ƙasa a Tanganyika.

20 ga Janairu

Gwajin kwalba. Na ɗebi ƙasar sama daga kowane sashe, na shanya a inuwa, na murƙushe, na tace tsakuwa da tsinke. Akan zuba ta kashi ɗaya cikin uku na kwalba mai miƙaƙƙen jiki, a ƙara ruwa saura kaɗan ta cika, a sa ƙaramin cokali na garin sabulun wanki don ya raba ƙwayoyin da suka manne, a girgiza har hannu ya gaji, a ajiye kada a sake taɓawa.

Girman ƙwaya ne ke raba ƙasa gida uku. A ma'aunin ma'aikatar noma ta Amurka, yashi shi ne daga milimita 0.05 zuwa 2. Lallausa, wato ƙasar nan mai santsi da ambaliya ke bari a bakin rafi, daga 0.002 zuwa 0.05. Abin da bai kai 0.002 ba shi ne laka. Dokar da George Stokes ya fitar a 1851 ce ke aiki cikin kwalbar: in ƙwaya ta ragu sau goma, saurin nutsewarta ya ragu sau ɗari. Shi ya sa yashi ke kwantawa cikin minti ɗaya, lallausa ta ɗauki kamar awa biyu, laka kuwa ta yi kwana da kwanaki tana yawo a ruwa. Sai a ja layi a jikin kwalba bayan minti ɗaya, a ja wani bayan awa biyu, a jira na uku.

Kafin kwalaben su kwanta na yi gwajin hannu, wanda a ganina ya ishi mai ƙaramin lambu. A jiƙa ƙasa cikin tafin hannu, a cuɗa, a riƙa turo ta da babban yatsa ta kan manuniya tana fitowa a shimfiɗe har ta karye da kanta. Ta tudu ko dunƙuluwa ba ta yi ba. Ta tsakiya ta kai kamar santimita 2 ta karye, ana jin ƙarar yashi idan an murza kusa da kunne. Ta kwari ta zarce santimita 7 tana lilo, kuma wanke ta daga hannu ma aiki ne.

23 ga Janairu

Kwalbar tudu ta washe tun jiya: yashi ya kusa kashi 85 cikin ɗari. Ta tsakiya ta ba da yashi 55, lallausa 25, laka 20, haɗin da kowane mai lambu zai yi farin ciki da shi. Ta kwari har yanzu ruwanta gurɓatacce ne, amma abin da ya kwanta ya nuna laka ta haura rabi.

3 ga Fabrairu

Wannan makon na ruwa ne. Na yanke gindin babban gwangwani, na buga shi cikin ƙasa kamar santimita 5, na shimfiɗa leda a ciki don kada zubin ya ɓata fuskar ƙasar, na cika da ruwa, na zare ledar. Ba a lissafa zubin farko, domin kowace busasshiyar ƙasa da haɗama take sha. Sai an yi ta ƙari har shan ya daidaita, sannan a sa rula a duba agogo. Gwangwani ɗaya yakan kumbura adadi, tun da ruwa na bin gefe ta ƙarƙashi, amma don gwada sashe da sashe ya wadatar.

A jadawalin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, yashi kan sha fiye da milimita 30 a awa, ƙasa mai haɗi daidai 10 zuwa 20, laka 1 zuwa 5. Tudu ya wuce 30 nesa ba kusa ba. Kwari da farko ya fi tudu sha, don ruwan tsaga yake bi, can sai lakar ta kumbura, tsagar ta rufe, ruwa ya tsaya cik. Tsakiya ce ta saɓa wa kwalbarta: ta fara da kyau, sannan ta faɗo ƙasa da 10. Na kwashe ƙasar sama na kafa gwangwani a kan shimfiɗar nan mai tauri, ruwa ya ƙi tafiya. Na fasa ta na kafa a ƙarƙashi, ya sha yadda ya kamata.

Ina cikin wannan dattijon da ke noma a maƙwabta ya leƙo.

"Sannu da aiki, ɗana. Rijiya ake nema?"

"A'a Baba, wannan taurin nake bincike."

Ya ƙwanƙwasa wurin da sandarsa. "Ai wannan sawun garma ne. Tun ina saurayi ake huɗar wurin nan, zurfi ɗaya kowace shekara, sau da yawa ma ƙasa na jiƙe sharkaf. Bakin garma na shafe ƙasan, kofato na dannewa. Me zai hana ta daskarewa?"

Maganarsa ta zo daidai da abin da gwangwani ya nuna. Ƙasa mafi kyau a filin nan, a wurin saiwa, zurfinta santimita 18 ne kacal. Ruwa in ya yi yawa sai ya taru a kan shimfiɗar, in an yi fari kuma saiwa ba ta da hanyar bin danshi zuwa ƙasa.

17 ga Fabrairu

Gwajin tsami. Ƙasa awo ɗaya, tataccen ruwa awo biyu da rabi, a motsa, a bari ya kwanta rabin awa, a tsoma takardar gwaji mai canja launi. Ruwan rijiya ko na famfo ba ya yi, don shi ma yana da nasa hali da zai shiga sakamakon.

Ma'aunin pH, wanda Søren Sørensen ya ƙirƙiro a Denmark a 1909, yana da 7 a tsakiya. Ƙasa da haka tsami ne, sama da haka ɓangaren kanwa. Abin da ake yawan mantawa shi ne kowane mataki ninki goma ne, wato 5 ta fi 6 tsami sau goma, ta fi 7 sau ɗari. Yawancin kayan lambu sun fi son tsakanin 6 da 7.

Tudu ya ba da kusan 5.3, tsakiya 6.4, kwari ya doshi 8. Ruwa ba ya tsami banza, ƙasa ma haka. Ruwan da ke ratsa jigawa kowace damina yana tafiya da kalsiyam da magniziyam, ya bar tsami a baya, kuma abin da aka kwashe daga sama can kwari yake taruwa. Na ɗiga ruwan khal a kan fararen tsakuwoyin nan na kwari, nan take suka yi kumfa. Farar ƙasa ce ta dunƙule.

Adadin tudu ne ya dame ni. Ƙasa da 5.5 alminiyam na fara narkewa, shi kuwa guba ne ga bakin saiwa, yakan sa ta gajarce ta yi kauri. Fosforas ma a irin wannan tsami ƙarfe da alminiyam ke kame shi, a kwari kuma kalsiyam ke kame shi. Sauƙin abin dai, jigawa ba ta gardama: ɗan magani kaɗan ke ɗaga ta, saɓanin laka da sai an jibga. Zan yi amfani da tokar itace, wadda ke rage tsami ta kuma ba da potasiyam da kalsiyam, ko da yake babu naitirojin a cikinta. Toka ba za ta je kwari ba ko cikin cokali.

2 ga Maris

Sakamakon ɗakin gwajin ƙasa ya fito. Samfurin kowane sashe an haɗo shi ne daga wurare 15, ana tafiya a karkace, daga sama zuwa zurfin santimita 20, aka gauraya aka ɗebi rabin kilo. Pinci ɗaya daga wuri ɗaya labarin wurin kawai zai bayar.

Ruɓi, wato ragowar tsirrai da taki da suka ruɓe suka zama jikin ƙasa: tudu kashi 0.4 cikin ɗari, tsakiya 1.1, kwari 1.6. Fosforas ya yi ƙaranci a duka ukun. Potasiyam ya wadata a kwari, ya gaza a tudu. Amma layin da na fi tsayawa a kai shi ne na ƙarfin riƙe sinadarai: tudu 3, tsakiya 9, kwari 38.

A 1850 H. S. Thompson da J. T. Way a Ingila suka nuna cewa in aka tsiyaye ruwan amoniyam ta cikin ƙasa, sai ƙasar ta riƙe amoniyam ta saki kalsiyam. Dalili shi ne laka da ruɓi na ɗauke da cajin lantarki da ke jawo potasiyam, kalsiyam, magniziyam da amoniyam, su manne har saiwa ta zo ta karɓa. Yashi kusan ba shi da wannan. Lakar ma iri-iri ce. Irin wadda ake samu a jar ƙasa da ta daɗe tana shan wanki riƙonta kaɗan ne, irin mai kumbura ta kwari kuwa giram ɗaya nata yana iya samun faɗin fuska har murabba'in mita 800. Laka da ruɓi su ne rumbun ƙasa, kuma rumbun tudu ɗan mitsitsi ne: duk abin da aka zuba fiye da cikinsa, ruwan farko zai tafi da shi.

Ga inda shawarar a zuba taki kawai take tuntuɓe. A tudu ruwa ya wanke shi, a tsakiya saiwa na tsare a sama, a kwari ruwa ya shaƙe saiwar da za ta sha. Yunwa akwai ta a filin, babu musu, amma yadda ruwa ke shiga, ya zauna, ya fita, shi ne ke gaba da ita a kowane sashe.

Ƙara ruɓi kuma ba aikin shekara ɗaya ba ne. Hekta ɗaya zuwa zurfin santimita 20 tana da nauyin kusan tan 2,600. Ɗaga ruɓi da kashi ɗaya cikin ɗari na nufin tan 26 na ruɓin da ya zauna, alhali mafi yawan takin da aka zuba ƙananan halittun da ido ba ya gani ke cinye shi ya koma iska, kuma zafi na ƙara musu sauri. A Rothamsted ta Ingila, gonar gwaji ta Broadbalk da John Lawes da Henry Gilbert suka fara a 1843 tana nan har yau. Sashen da ake zuba wa takin dabbobi tan 35 a hekta kowace shekara ruɓinsa ya ninka na sauran fiye da sau biyu, amma shekaru masu yawa aka kwashe kafin a kai nan.

16 ga Maris

An kafa tulin taki a inuwa: shimfiɗar busasshiyar ciyawa da yankakken kara, shimfiɗar kashin shanu da na kaji, ɗanyen ganye, yayyafin ruwa, a sake. Tsawo da faɗi da tsayi kowanne ya ɗan haura mita, don ƙaramin tuli ba ya riƙe zafi. Danshin da ake so shi ne in an matsa a hannu ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito.

An yi mini tayin garin katako buhu-buhu in zuba kai tsaye a tudu, na ƙi. Ƙwayoyin da ke ruɓar da abu suna son kabon kashi 25 zuwa 30 a kan kowane kashi ɗaya na naitirojin. Garin katako kabon ɗinsa ɗaruruwa ne a kan ɗaya. In aka binne shi ɗanye, ƙwayoyin za su kwashe ɗan naitirojin da ke ƙasa don su ci shi, shuka ta yi rawaya ana kallo. Na karɓi kaɗan don hanyoyin da ke tsakanin fangalai, inda zai kwanta a sama kawai.

6 ga Afrilu

An juya tulin. Cikinsa ya kai digiri 60, abin da ake nema ke nan, don tsakanin 55 da 65 ne ƙwayar ciyawa da yawancin cututtuka ke mutuwa.

A gefen kwari wani farin ɓawo ya fito a saman ƙasa. Ruwan ƙarƙashi na kusa a nan, zafi na jawo shi sama, ya ƙafe ya bar gishirinsa. Awon ɗakin gwaji ya ba da 2 a ma'aunin gishirin ƙasa, wato dS/m. Sai ya haura 4 ake kiran ƙasa mai gishiri, amma shuke-shuke ba su jira 4 ba: albasa na fara raguwa daga 1.2, karas daga 1, tumatir daga 2.5, sha'ir kuwa yana jurewa har 8. Albasa da karas sun fita daga lissafin wannan gefen. Lulluɓe ƙasar da ciyawa zai rage ƙafewa, ruwan damina kuma ya wanke gishirin in an buɗe masa hanyar fita.

4 ga Mayu

Aiki mafi nauyi ya ƙare a tsakiya. An kwashe ƙasar sama gefe, an fasa shimfiɗar garma da diga tun tana bushe, an mayar da ta saman samanta ba tare da an gauraya da ta ƙasa ba. A bushe take farfashewa, a jiƙe kuwa sake shafewa kawai za ta yi. Faɗin kowane fangali bai wuce inda hannu zai kai tsakiyarsa daga gefe ba, domin daga yau ƙafa ba za ta sake hawa kai ba.

Game da kwari, mutum biyu sun ce in kawo yashi in gauraya. Na yi lissafi a takarda. Murabba'in mita 100 zuwa zurfin santimita 20 ya kai tan 26. Don a sauko da laka daga rabi zuwa kwata, sai an kawo yashi mai nauyin ƙasar kanta, wato wani tan 26 ɗin, a kuma cuɗa shi da lakar da diga ke tsalle a kanta. In aka zuba kaɗan, laka ce za ta cike tsakanin ƙwayoyin yashin, a samu abin da ya fi na da tauri.

Irin wannan baƙar laka mai darewa ita ce a tudun Deccan na Indiya da yankin Gezira na Sudan, inda aka daɗe ana noman auduga a kanta. Matsalarta a ko'ina ɗaya ce: a bushe ba ta nomuwa, a jiƙe ba ta takuwa, tsakanin biyun kwanaki kaɗan ne. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da aka kafa kusa da Hyderabad a 1972 ta yi aiki a kan wani tsari da na ɗauka: faffaɗar kunya mai faɗin kusan mita ɗaya, kwari rabin mita a tsakani, da ɗan gangare da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, yadda ruwa zai sulale a hankali ba tare da ya zaizaye ba. Na yi wa rabin sashen kwari na filin haka. Ɗaya rabin, mafi zurfi, na bar shi a shimfiɗe na zagaye shi da ƙaramin bango, shinkafa za ta shiga.

8 ga Yuni

Ruwan shuka ya sauka. Takin ya nuna, ya yi baƙi, babu wari. Mafi yawansa tudu ya tafi, tare da toka da aka cuɗa tun makonni kafin nan. Tudu ya samu gyaɗa, wake da dankali, masu son ƙasa sako-sako. Gyaɗa musamman, tun da bayan fure sai ta soka tsinkenta cikin ƙasa ta yi 'ya'ya, kuma kwanson da kansa yake shan kalsiyam daga ƙasar da ke kewaye da shi. Tsakiya masara, kuɓewa da tumatir. Takin fosforas na binne shi a layi, santimita 5 gefe da iri, 5 ƙasa da shi, domin ba ya tafiya cikin ƙasa, sai saiwa ta same shi inda yake.

Fangali ɗaya a tsakiya na bar shi tsirara da gangan. Ɗigon ruwa ya farfasa dunƙulen saman, lallausa ta toshe ƙofofi, rana ta gasa, ya yi ɓawo. Kuɓewar da ke ciki sai ɗaga ɓawon take yi da ƙyar, wasu sun lanƙwashe a ƙarƙashi. Na kusa da shi, mai lulluɓin ciyawa, ya tsiro layi ɗaya reras.

6 ga Yuli

Na tono gindin wake ɗaya da shebur, na wanke saiwar a bokiti. Ga 'yan ƙullutai nan manne a gefen saiwa, da an taɓa da farce sai su ɓalle. Na tsaga ɗaya: cikinsa ja-ja ne. Wannan launi shi ne alamar ƙwayoyin da ke ciki suna aiki, suna kamo naitirojin daga iska. In fari ne ko kore, zaman banza suke yi. Hellriegel da Wilfarth a Jamus ne suka tabbatar da wannan a 1886, Beijerinck kuma ya ware ƙwayar a 1888. Tsami mai yawa na hana ƙullutan fitowa, don haka wannan alama ce mai kyau ga tudu. Takardar gwaji ma ta nuna ya matso kusa da 6.

Masara ta fara rawaya daga tsoffin ganye na ƙasa, daga baki tana bin tsakiyar ganye. Naitirojin ne, domin shuka na kwashe shi daga tsoho ta kai wa sabo. Da sabbin ganyen sama ne suka yi fari-fari jijiyarsu na kore, da ƙarfe zan zarga, kuma a kwari zan sa ran ganin haka. An sa yuriya, mai naitirojin kashi 46 cikin ɗari, a rami gefen gindi aka rufe. In aka bar ta a sama, ko aka haɗa ta da toka, amoniya ce za ta tashi ta bi iska. Na raba ta biyu, saura sai masara ta kai gwiwa da ɗoriya.

3 ga Agusta

Kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, gwajin da babu gwangwanin da zai yi shi. Da safe tudu ya tsane har ana iya noma. Tsakiya, inda aka fasa shimfiɗa, babu ruwa a kwance kafin azahar. Wani ɗan yanki a gefe da ba a fasa ba ya kwana da ruwa, tumatir ɗinsa ya yi yaushi alhali gindinsa na cikin ruwa tsundum. Oksijin na ratsa ruwa a hankali kusan sau 10,000 fiye da yadda yake ratsa iska, saiwa kuma in ta rasa numfashi ba ta iya shan ruwan da ke kewaye da ita. A irin wannan ƙasa ne kuma wasu ƙwayoyi ke mayar da naitirojin iska ya gudu.

A kwari, faffaɗan kunyoyi sun tsaya sama da ruwa, kwaruruwan tsakani na gudu. Ɗaya ta toshe a ƙarshenta, an buɗe. Shinkafa kuwa ko a jikinta, tun da tana da hanyoyin iska a cikin kara da ke kaiwa har saiwa.

24 ga Agusta

Layin kuɓewa na sama, wanda ya ɗan shiga jigawa, ya tsumbure, yana yaushi da rana ko da danshi. Na tumɓuke ɗaya. Saiwar ta kumbura gaɓa-gaɓa, kuma wannan kumburin ba ya ɓallewa da farce irin na wake, jikin saiwar ne da kansa ya kumbura. Tsutsar saiwa ce, wadda ido ba ya gani, kuma a ƙasa mai yashi ta fi yaɗuwa. Kuɓewa da tumatir na cikin waɗanda ta fi so. An cire layin duka da saiwarsa an ƙone, bai shiga tulin taki ba, kuma ana wanke fartanya kafin a sauka da ita tsakiya.

Wannan yankin zai jira tsananin zafi: a jiƙa ƙasa sosai, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a binne gefenta, a bari mako huɗu zuwa shida. Kafin nan ba kuɓewa ba tumatir a wurin.

An kafa tuli na biyu da ciyawar da aka nome. Na kafa turaku a wuraren da aka ɗebi samfurin farko, domin bayan girbi a sake ɗiba daga nan, zurfi ɗaya, a aika ɗaki ɗaya. Zan kuma sake haƙa a tsakiya in ga ko saiwar masara ta wuce santimita 18, in sake auna gishirin gefen kwari kafin in yanke abin da zai shiga can da rani.